Almakashin Baba Yohanna Ya Hau Dutse

Cikin duk shekarun da na yi a kan keken ɗinki, ban taɓa mantawa da ranar da Baba Yohanna ya tafi hutu da almakashi ɗaure a ƙugunsa ba. Ba a daɗe da yin ƙuri'ar da ta haɗa mu da Nijeriya ba, ina ɗinki a shagonsa kusa da kasuwar Mubi, ni da wani mai suna Adamu.

Ku da ba teloli ba, aikin kashi biyu ne, yanka da haɗi. Haɗi kowa na iya koya, in ka yi kuskure sai ka farke zare. Yanka kuwa ba a farke shi, shi ya sa Baba bai yarda kowa ya taɓa almakashinsa ba. Har na yi aure na haifi 'ya, ban taɓa yanka yadin mutum ba, sai takardun siminti da nake gwaji da su a gida.

Baba bai san hutu ba. Ko Lahadi, daga coci sai ya biyo ta shago ya leƙa ta ramin ƙofa, wai ko kekuna sun gudu. Bayansa ya lanƙwashe, barci ya ƙaurace masa, faɗa kuwa har da allura in ta faɗi. Da matarsa Mama Rahila ta ja shi asibiti, likita ya ce maganinsa tafiyar ƙasa da iska. Ta aika ƙauyensu a duwatsun Michika cewa Yohanna na zuwa girbin dawa. Da mota ta tsaya a tasha, ya kira ni gefe.

"Bitrus, na yanka maku aikin sati biyu. Wanda ya kawo yadi, ya jira ni."

Ya shafa ƙugunsa, na ga kan almakashi ya turo riga.

Bai daɗe da tafiya ba sai ga Ardo Buba, shugaban Fulani daga Sorau, babban mai ɗinkinmu, da shadda mai tsada. Ɗansa zai yi aure ran Juma'a. Na ce maigida ya hau dutse.

"To, aure zai jira dutse ne?" in ji shi. "In ba ka iya ba, ga shago a tsallake."

In ya tsallaka, duk dangin Sorau sun bi shi ke nan. In na yanka na ɓata, sunan shago ya tafi, ni ma na bi shi. Gaskiya na tsorata. Na je na ari almakashin Mama Rahila na yankan gashi, na wasa shi, Adamu ya riƙe mini yadi yana addu'arsa, ina tawa. Na yanka kaftani biyu, na ango da na uban. Ardo ya karɓa ya tafi, ni kuwa tun daga ranar abinci ya daina yi mini daɗi.

Baba ya dawo ya yi baƙi ƙirin, ya miƙe sak, yana ta dariya kamar an sauya shi a hanya. Ya ce ranar farko wata gwaggonsa mai furfura ta wuce shi a hawan dutse da tulu a ka, ta ce ya jira ta dawo ta goya shi. Daga baya ya yanki dawa, ya yi iyo a mayo, wato rafi, ya ci tuwo har ya nemi ƙari, barci kuwa sai an tashe shi. Ga kuma yaduddukan Kirsimeti da 'yan ƙauye suka ɗora masa, mutanen da bai taɓa tunanin suna neman tela ba.

Ana cikin haka Ardo ya shigo godiya, sanye da kaftanin. Baba ya daina dariya. Ya zagaya shi, ya ja kafaɗa, ya leƙa hammata.

"Wannan riga, wa ya yanka ta?"

Na ce ni ne, Baba.

"Da mene?"

"Da na Mama."

Na fara tunanin inda zan nemi aiki. Sai ya ɗaga rigarsa ya nuna mana ƙugu, fata duk ta saluɓe inda ƙarfe ya yi ta gogarsa a hawa da sauka.

"Duba abin da ya yi mini. Sati biyu ina ɗauke da shi, ko farce bai yanka ba." Ya kwance igiyar ya ajiye almakashin a kan teburina. "Wuyan ya ɗan yi faɗi. Baɗi in na hau, ka gyara hannunka."

Tun daga nan duk kaka sai ya tafi, shago kuma bai rushe ba. Abin da na koya shi ne, mai ƙaramar sana'a ba ya sanin abin da ya gina sai ya juya masa baya ya hau wani wuri. Yanzu ni ma ina tafiya Sorau duk shekara in bi shanun jikokin Ardo. Almakashin nakan bar wa yarana, amma wallahi har mota ta wuce gari hannuna na lalubar ƙugu.