Dokin Katako da Gonar Turba

Autana ya dawo karatu daga Sakkwato da wani allo mai gida-gida, fari da baƙi. Ya ce darar Turawa ce, cas sunanta. Akwai sarki ciki, akwai doki, duk na katako. Ni dai darar da na sani, mutum biyu ke yin ta bisa ƙasa suna zagin juna. Wagga kuwa shi kaɗai yake zama, ya tura fari, ya juya allon ya tura baƙi, yana leƙen waya ya ga yadda wasu gwanaye suka yi.

Na lura bai taɓa kai wasa ƙarshe ba. Da an ɗan cakuɗe sai ya kwashe ya sake jerawa. Na tambaye shi, ya ce buɗewa yake koyo, wai wanda ya iya farawa ya ci rabin yaƙi. Kowace farawa da sunanta, sai ka ce jikoki.

Gonar marigayi ubanshi tana Turba. Yayyenshi mata ne, suka ce shi riƙe ta. Na gaya mashi tun bazara: in ruwan shibka ya sauka ban ga sawunshi can ba, za ni ba mijin yayarshi ya noma. Ya ce ya ji. Na gyara iri, na jingine sungumi bakin ɗakinshi inda sai ya tsallake shi zai fita. Ya yi ta tsallakewa.

Ruwa ya sauka da safe, mai yawa. Gari ya watse zuwa gonaki, har masu ciwon baya sun bi sahu. Na iske shi bisa tabarma, doki a hannu.

"Inna, bari in gama wannan layin."

"Layin gero?"

Bai ko ɗaga kai ba. Na ɗauki ƙwaryar iri na aza a kai, na nufi gidan ɗiyata. Surukina na ganin ƙwaryar ya jawo takalmi.

Da kaka auta ya je gonar, ya ga dammuna a tsaye. Ya dawo yana cewa an yi mashi gaggawa, da ma yana da tsari. Na zuba mashi tuwo. Ya ce geron bana ya yi daɗi, na ce ya je ya gode wa mai shi. Gonar tana hannun surukina har yau. Sungumin ma na aika mashi.