Hannuwan da Ba Su Shiga Hoto Ba

Ƙarfe shida na safe Fusae Nakahira take jingine kekenta a bayan masana'antar giyar jin ta garinmu, ta ɗaure kai, ta wasa 'yar wuƙarta, ta hau feraye lemun yuzu. Shekara talatin da takwas ke nan. Ɓawon ake so, shi ke ba jin ƙamshinsa. Amma da wuƙa ta ɗan zarce ta ɗebo farin da ke ƙarƙashi, to ɗaci ya shiga tukunya.

Ku tambayi Hirakawa mai mashayar bakin tasha. "Ni me nake yi?" in ji shi. "Ƙanƙara, jin, ruwan tonik, in juya cokali, a yi ta tafa min. Tsohuwar nan ce ta gama aikin tun a kwando."

Shekarar da guguwa ta bubbuge lemun, manaja ya ce a fere haka nan, wa zai gane?

"Hancina zai gane," in ji Fusae. "Manaja, ka kore ni in ka ga dama, amma ruɓaɓɓe ba zai bi ta wuƙata ba."

Bana kamfani ya cika shekara ɗari, aka ce za a sa hoton hannun mai feraye a jikin kwalba. Fusae ba ta taɓa roƙon komai ba, amma wannan kam ta sa rai. Har mai ta saya tana shafa wa hannuwanta. Mai hoto ya zo, ya dubi faratan da tsami ya cinye, ya dubi tabon ƙayar itacen lemun, ya sosa ƙeya, ya haɗa mata da "san" na girmamawa.

"Fusae-san, a yi haƙuri. Ba za su yi kyau a kwalba ba."

Aka ɗauko wata 'yar talla daga Tokyo. Kuma don rashin ta ido, Fusae aka sa ta nuna mata riƙon wuƙa!

Ranar da ta ajiye aiki aka ba ta furanni da sabuwar kwalba, an rubuta "Gadon kakanninmu". Aka ce ta yi jawabi. Ta sa tabarau, ta daɗe tana kallon hoton, ɓawo na reto daga lafiyayyun yatsu, cikinsa fari fat.

"Wannan ɗaci zai yi," ta ce. Ta rusuna, ta zauna.

Abin ya ci min rai, har yau yana ci.

Fusae-san, ke ce gadon da suke sayarwa. Uwar ƙamshi, mun gode. Tunda kwalba ta ƙi sunanki, ga shi na rubuta inda za a karanta.

Ku kuma masu tasowa, ku riƙe wuƙa yadda ta riƙe, ku ƙi ruɓaɓɓe yadda ta ƙi. Amma in kun ga mai hoto ya shigo, kada ku wahalar da kanku da sayen mai.