Gawon Kaka Ya Ci Wasa

Shekara shida ke nan da munka rufe Kakana, Malam Ummaru na Damri, amma bana ji nike kamar jiya ya gama yi min tsiya. Ku yi min uzuri, jama'a, waiwayen nan da murna na zo shi.

Tsohon nan, in ana sassabe, ko ɗan tsiron gawo ya gani sai ya tsaya kanshi da sanda. Ina ce mai, "Tsoho, gona kake ko daji?" Shi ko ya ce, "Raggon banza, kai da ko akuya ba ka iya ɗaurewa." Bayaninshi gajere ne: gawo na zubda ganye da damina, ya ba hatsi taki ya bar mai rana. Da rani ya yi inuwa, shanu su kwanta su bar kashi, tumaki su ci 'ya'yan.

To bana ina makaranta a Mafara, sai ga hoto a guruf ɗin gida: Kawu Sani, wanda gonar ke hannunshi, ya kawo masu gawayi, wai itatuwan na hana tarakta sakewa. Kai! Ban ko tsaya rufe littafi ba, na haye mashin. Na iske har an ɗora zarto. Magiya dai na yi, na ce Kawu, don Allah a bar su damina guda, in hatsin gindinsu bai fi na fili ba, ni zan kira masu saran da wayata. Ya ce, "Ɗan boko, ka dai shirya katin kira."

Gaskiya na sha jinin jikina, don ban taɓa gwadawa ba, maganar Kaka kawai na riƙe. Sai ga ruwa ya ɗauke tsakiyar damina. Geron fili ya yi yaushi, na gindin gawo ko shar da shi! Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: da anka zo ɗaurin damma, Kawu ya zagaya, ya ɗaga zangarniya, sannan ya ce, "Baba ya ci mu, yana kwance."

Da Kaka zai leƙo yau ya ga mai tarakta na kewaya gawo kamar shataletale, wallahi sai ya yi dariya har hula ta faɗi. Ni kuma ya ce na cika latse-latsen waya, alhali latse-latsen ne ya kawo ni kan lokaci.

Wayata cike take da hotuna, amma babu nashi ko guda, bai taɓa yarda an ɗauke shi ba. A da abin na damuna. Yanzu duk mai son ganin Malam Ummaru, ya zo Damri in kai shi gona. Allah ya sa kowane ganye da ya faɗi ya zame mai lada a makwancinshi.