Dakwa a Kan Bamba

Shekara shida ina tuƙa tsohon nan kafin Basudanen ya zo. Tsohon ɗan Madina ne, shi ne kafilina, wato ubangidan da ya tsaya mini a takardun zama, yana da gida a Khalidiyya da gonar dabino a Badar. Ammi nake ce masa, kamar yadda 'ya'yan 'yan'uwansa ke kiransa. Duk Alhamis bayan an yi asuba ni ke kai shi gona a jif, kuma gaba yake zama kusa da ni, yana cire wa dabino ƙwallo yana miƙo mini ɗaya bayan ɗaya. Ba na ɓoye muku, wannan tafiyar ta Alhamis ita ce duk darajata a garin. Sauran ranaku ɗan aike ne ni kamar kowa.

Sai babban ɗansa ya sayo wata jif ɗin ta hannu, sa'ar tawa, har launinsu ɗaya, ya kawo mata direba. Bahaushe ne haihuwar Sudan, kakanninsa suka tsaya can a hanyar Hajji ba su ƙarasa ba. Hausarsa rabi Larabci ce. Ga fara'a, ga ladabi, Yaya yake ce mini. Tun ranar farko na ji bai kwanta mini ba, kuma wallahi bai yi mini komai ba.

Wanda ya san ranar Madina ya san abin da take yi wa baƙar robar mota. Kusurwar bamba, gidan madubi, robar da ta zagaye saman taya, duk sai su koɗe su yi toka-toka kamar ƙafar da ta shekara ba ta ga mai ba. Haka tawa take, haka tasa ta zo. Amma kafin sati biyu sai ga tasa ta yi baƙi wuluk, tana ɗaukar ido. Wata Alhamis Ammi ya fito da sandarsa, ya dubi motocin biyu, ya ce, "Yau bari mu gwada jadida." Jadida! Sabuwa ke nan. Motar da ta girmi tawa da wata uku, ni na ga takardunta da idona.

Na tsaya a ƙofar gida har ƙurarsu ta kwanta. Ranar ko abincin rana ban iya ci ba, ina ta lissafin yanzu sun kai ina, yanzu wa ake miƙa wa dabino.

Ba abin da ban gwada ba. Na goga man takalmi, rana ta narkar da shi ya ɓata wa wata baƙuwa abaya. Na shafa baƙin mai, kafin in kai unguwar Sih ƙura ta manne motar ta zama kamar an tono ta. Matata ta ce, "Malam, ka tambaye shi mana, bakinka ciwo yake?" Na ce Allah ya kiyaye, ni ɗan Kano in je in durƙusa wa wanda bai iya cewa "ƙwarai" ba? Alhamis uku suka wuce a haka, biyu a motarsa, ɗaya a tawa, ita ma ɗayar don tayarsa ta yi faci ne.

Da abin ya ishe ni, wata Laraba da la'asar na same shi a tsakar gida tsugune gaban motarsa da tsumma. Ammi na zaune a inuwa yana shan shayi. Na haɗiye girman kaina da ƙyar na ce, "Kai, wai me kake shafa wa robar nan ne?"

Ya ɗago yana dariya. Ya buɗe tafin hannunsa, yatsu biyar a ware, ya miƙo mini daidai fuska, ya ce, "Dakwa, Yaya."

Jama'a, a Kano in mutum ya ware maka yatsu biyar a fuska, daƙuwa ya yi maka, uwarka ya zaga. Ga hannu, ga kalma, ga dariya. Idona ya rufe. Na shaƙo wuyan rigarsa na ɗaga shi tsaye, na zazzage masa duk abin da na tara na wata biyu, da Hausa da Larabci, har da cewa kakanninsa ragwaye ne da suka kasa kaiwa Makka. Bai ɗaga hannu ba, sai "Yaya, lafiya? Yaya, lafiya?" yake ta yi. Ammi ya buga sanda a ƙasa ya ce, "Aib! A gidana?" Ya tashi ya shiga ciki.

Bayan magariba matar Basudanen ta zo wurin matata da ɗan kwano a rufe. Da ta tafi, matata ta ajiye mini shi a gaba ta buɗe. Tunkuza ce, niƙaƙƙiyar gyaɗa, mai na kwance a samanta. "Ga dakwarka nan," in ji ta. "Haka suke kiranta a Sudan. Hannunsa ya nuna maka don ka ga man." Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Na je na ba Basudanen haƙuri, ya ce ma'alesh, wato ba komai, har ya nuna mini yadda ake yi: a wanke robar ta bushe, a shafa kaɗan da yatsa, a bar ta ta sha, sannan a goge da busasshen tsumma. Saurin yafewar tasa ma sai da ya ba ni haushi.

Washegari Alhamis, kafin kiran asuba na gama da motata, ta yi baƙi kamar yau aka sauke ta daga jirgi, har na ga ta fi tasa. Na buɗe ƙofar gaba na tsaya. Ammi ya fito, ya zagaya ta a hankali, ya taɓa bamba da sandarsa, ya ce, "Masha Allah." Sannan ya ce in kai yaran gidan makaranta in biya kasuwa in sayo gas, ya wuce ya shiga ɗaya motar. Na ƙara shekara huɗu a gidan, ban sake ganin Badar ba.