Goggo ta kama wuri a filin jirgi

Jama'a, yau saura ƙiris hawan jini ya kama ni!

Na kai Goggo Asabe, yayar babanmu, filin jirgi. Legas za ta, gobe aikin idonta. Kun san jirginmu na Minna ba kullum yake zuwa ba, in ya wuce ka sai wani mako.

Na zaunar da ita na je tambayar maganar kaya. Ina dawowa, ba Goggo! Jakarta kawai a kan kujera, ma'aikata sun kewaye ta, an kori mutane gefe.

Wani ya daka tsawa: "Jakar wa ce wannan?"

Na ce ta goggona ce.

"Ina take?"

Wallahi ban sani ba! Wayarta ma tana cikin jakar. Ga jirgi ya sauka, an fara kiran fasinja. Na duba masallaci, na duba banɗaki, babu. Na fita waje da gudu.

Can bakin ƙofa na hango ta zaune wurin wata mai nono, ana dama mata fura!

Na ce, "Goggo, jirgi zai tashi!"

Ta ce, "Har ya cika? Ai na ajiye jakata, direba ya san da mutum."

Da roƙo da ban haƙuri aka karɓe ta, ita ce ta ƙarshe.

Za ta shige ta waiwayo: "Ɗan nan, in mun kai Mokwa zai tsaya mu yi sallah ko?"

Yanzu haka tana sama. Ku taya ni addu'a!