Gadon Asibitin da Ya Kwana Ashirin da Uku a Hanya

Wata rana na je gaisuwar mutuwa a Azare, na ga abin da har yau in na tuna raina ke ɓaci.

Marigayin, Malam Sha'aibu, ya shekara talatin yana sana'ar fawa a Fatakwal. Da ɓarin jikinsa ya shanye, babban ɗansa Nafi'u ya ce a kwashe komai a dawo gida.

Tsohon ya taho a ƙaramar mota. Kaya kuma aka ba wani kamfanin jigila.

A cikin kayan akwai gadon asibiti da katifar iska, wadda likita ya ce ita ce za ta hana bayan tsohon yin gyambo saboda yawan kwanciya. Rumfarsa Nafi'u ya sayar ya saye su.

Wakilin kamfanin ɗan garinsu ne. Ya san unguwarsu, ya san limaminsu, ya sha cin tuwo a gidansu. Nafi'u ya so ya ce a rubuta takarda, kunya ta hana shi. Gani yake in ya ce wa mutumin ya sa hannu, kamar ya kira shi ɓarawo ne.

Aka yi ciniki da baki: dubu ɗari bakwai, kwana huɗu.

Kwana shida, ba mota. Wai man dizal ya tashi, a ƙaro dubu ɗari. Nafi'u ya tura.

Kwana goma sha ɗaya, wai mota ta lalace a Makurɗi, a ƙaro. Ya ciyo bashi ya tura.

Daga nan wayar ɗan garin nasu ta koma a kashe.

Duk wannan lokacin tsohon yana kwance a 'yar katifa a ƙasa. Bayansa ya buɗe. In za a juya shi sai ya ciji leɓe don kada jikokinsa su ji kukansa. Kullum da safe tambayarsa ɗaya ce: gadon ya iso?

Ranar kwana na ashirin tsohon ya cika.

Ajali na Allah ne, ban ce 'yan kamfanin ne suka kashe shi ba. Amma wallahi su suka sa ya yi kwanakinsa na ƙarshe cikin azaba.

Ranar sadakar uku muna zaune a ƙofar gida sai ga motar. Da aka yaye tamfol, jarkokin manja ne jere a kan kayan mutane. Ashe motar lafiyarta ƙalau, kasuwa-kasuwa take bi tana sauke manja. Katifar nan ta jiƙe sharkaf, ta yi ja.

Direban ya cire takalmi, ya tsuguna, aka yi addu'a da shi, ya shafa. Sannan ya matso kusa da Nafi'u:

"Allah ya jiƙan Baba. Oga ya ce sai an cika dubu tamanin kafin in sauke."

Nafi'u ya dube shi ya ce:

"Kira ogan naka. Ka ce masa mai gadon ya gaji da jira, ya tafi."

Ni dai tashi na yi, don in na zauna zan faɗi abin da bai dace da zaman makoki ba.

Kuma sai da aka biya! Dattawa suka haɗa kuɗin, don ba a son rigima a gaban masu gaisuwa. Gadon yana nan jingine a zaure, Nafi'u ba ya iya kallonsa.

Darasi: Rubuta yarjejeniya ba rashin yarda ba ne. A rubuta kuɗi, a rubuta rana, a sa hannu gaban shaidu, ko da ɗan ɗakinku ne. Abin da rai ya dogara da shi kuwa, kada ya bar idonka.

Ku kuma masu riƙe kayan bayin Allah kuna tatsar su, akwai ranar da za a tambaye ku.

Ka tura wa duk wanda ka san yana shirin ƙaura, tun kafin ya loda kayansa.