Ƙarfen Tashi na Leburorin Ƙaura

Mun tashi da asuba daga Gusau, ni da wani abokina mai tsohuwar Fijo, ran ɗaya ga Mayun da ya wuce, wato Ranar Ma'aikata. Da don ta ofis ne, filin fareti ya kamata in nufa. Har riga da hula iri ɗaya aka ɗinka mana, tun da jiharmu sabuwa ce, kowace ma'aikata so take a ga ta fi 'yar'uwarta tsari. Na rataye tawa a ƙusa na fice, saboda na riga na yi wa Kawu alkawari.

Kawu yayan mahaifiyata ne, tsohon leburan jirgin ƙasa da ya koma Zurmi da zama. Shi da abokan aikinsa suna da wata al'ada. Duk Ranar Ma'aikata sukan haɗu a tashar Ƙaura Namoda, gindin wata bishiya da aka rataya wa guntun ƙarfen dogo, irin wanda ake bugawa a tashi daga aiki. Wani ya kira sunan wanda ya rasu a cikinsu, wani ya buga ƙarfen, sannan a yi addu'a. Yanzu su biyu suka rage, shi da wani abokinsa a Jangeru. Bara Kawu yana kwance, bai je ba. Bana kuma yanar ido ta kusa rufe masa gani, sai ya aiko mini cewa in ɗauke shi, mu ɗauko abokin, in kai su tashar, don bai sa ran wata shekarar ba.

Hanyar Ƙaura ba laifi. Sababbin alluna na tasbihi da hailala sun jeru a gefen titi, ga motocin haya na mata zalla suna wuce mu. Abokina ya ce tun da aka ƙaddamar da Shari'a kowa ya tuba a jihar nan, ban da motarsa da ta ƙi barin shan taba. Gaskiyarsa, hayaƙin da muka bari a baya ya isa shaida. Gidajen mai duk a rufe, sai 'yan bumburutu, su kuwa ranar hutu ce kasuwarsu, kuɗin galan ya kusa ninkawa.

A Ƙaura muka sha shayi muna kallon ana loda ma'aikata a bas za a kai su fareti. Daga nesa na hango tashar jirgin. Taragai sun yi tsatsa, awaki na kwance a ƙarƙashinsu, ɗakunan da aka ce da can gyaɗa da auduga ke cika su har rufi sun zama gidan jemagu. Nan ne ƙarshen layin dogo, kuma da ganinsa ka san ƙarshen ne.

Mun iske Kawu a ƙofar gida a Zurmi, wai tun sallamar asuba yake zaune. Ya sa tsohuwar kakinsa ta aiki, wadda yanzu mutum biyu irinsa za su shiga, yana rungume da wata ƙatuwar ƙusar dogo a naɗe cikin tsumma. Da ita suke buga ƙarfen. Da muka sake ratsa Ƙaura na ce ko mu leƙa tashar, ya ce a'a, ba ya shiga sai da abokinsa.

A hanyar Shinkafi ya tambaye ni, "Ɗana, kun ko san mi kuka yi ma hwareti?" Na ce hutu ne gwamnati ta ba mu. Ya yi tsaki. Ya ce wani Ibo ɗan ƙungiyarsu ne ya ba su labarin, tun suna da ƙarfinsu. Can Amurka abin ya faro, leburori suka ce ba za su ƙara wuce awa takwas a bakin aiki ba, aka yi rikici, aka zubar da jini, daga baya aka rataye wasu cikin jagororinsu. Ranar ta samo asali ne daga tunawa da su. A nan kuwa, in ji Kawu, awa takwas a takarda take, amma a bakin heluma, wato shugaban leburori, sai rana ta faɗi, kuma shi kaɗai ke da ikon taɓa ƙarfen tashi. To wata shekara a irin wannan rana, tun ba a san ta da hutu ba, awa takwas na cika sai abokin nan nasa na Jangeru ya fizgi ƙusa ya buga ƙarfen da kansa, kowa ya yar da shebur. An hore su, wata shekarar suka sake. Sai can a mulkin farar hula Kano ta fara ba da hutun, ƙasa duka ta bi. Ya ce, "Ku kun iske hura damamma, shi ya sa ba ku san wa yad daka ba."

Shinkafi ta yi zafi ƙwarai, irin zafin bazara mai sa mutum ya tsani rigarsa. Muka ci hoce, muka kora da fura, muka sayi mangwaro da araha har na ji kunyar tayawa. Mutanen Nijar da rawunansu suna ta ciniki da 'yan canjin sefa. Ban ga wanda ya san ana wani hutu ba.

A Jangeru matar abokin Kawu ta ce mana daga bayan ƙyaure yana gonar wani, ya karɓi jingar shara. Can muka same shi shi kaɗai a tsakiyar fili, tsoho tukuf, yana tuge tushiyoyin karan bara da hauya. Kawu bai gan shi ba, tarinsa ya ji, ya ce, "Ga ɗan banzan can." Suka rungume juna suna zagin wasa, kowa na cewa ɗan'uwansa ya fi shi lalacewa.

Kawu ya ce, "Aje hauyag ga mu tahi Ƙaura, ga mota ɗana ya kawo."

Tsohon bai aje hauyar ba. Ya ce jinga ce, in bai gama yau ba gidansa ba a ɗora tukunya. Na ce Baba wannan mai sauƙi ne, ni zan ji da shi. Ya girgiza kai. "Ba shi na ba, yaro. Ko mun tahi, ƙarhen ba shi can."

Sannan ya faɗi abin da ya faru. Bara da ya je shi kaɗai, ya tarar an sare bishiyar, ƙarfen yana yashe cikin ciyawa. Ya ji ba zai iya barinsa ba, ya roƙi wani direba ya ɗoro masa shi har gida, ya adana a bayan rumbu. Da Shari'a ta zo, maganar yanke hannu ta cika gari, sai 'ya'yansa suka tsorata. Kayan gwamnati a gidan talaka, wa zai tsaya jin bayani? Babu wanda ya tambaye su, babu wanda ma ya san da shi, amma tsoro ya hana su barci. Yana masallaci suka kai wa maƙeri, aka sassare shi aka yi hauyoyi. Ya ɗaga ta hannunsa ya ce, "Wagga ita ɗai tar rage min."

Ban taɓa ganin fuskar Kawu haka ba. Ni kaina sai da zuciyata ta karye. Ya miƙa hannu yana lalube, aka ba shi hauyar, ya daɗe yana shafa bakinta da yatsa. Can ya buga ƙotar a kan kututture, ƙarfen ya fita. Ya sa na cire igiyar da abokina ke ɗaure but ɗin motarsa, muka rataye shi a reshen wata aduwa. Ya kwance ƙusarsa.

Tsohon ya fara kira. Audu Dogo. Kawu ya buga. Mamman Bagobiri. Ya buga. Garba Mai Shebur. Har Ibon nan bai bari ba. Ƙarfen da aka ce da ana jin amonsa har kasuwar Ƙaura, yanzu ƙararsa ba ta fi ta murfin kwano ba, ko akuyar da ke kiwo kusa da mu ba ta ɗaga kai ba. Da sunaye suka ƙare muka shafa fatiha. Kawu ya ƙara bugu ɗaya mai ƙarfi, ya ce da muryar heluma, "An tashi!"

Abokin ya yi murmushi. Ya kwance ƙarfen daga igiya, ya mayar a ƙotarsa, ya buga ya zauna daram. Ya ce, "Ku ad da tashi. Ku gaida gida." Na cusa masa abin da na iya a aljihu, ya yi godiya, amma ya ce ya riga ya ba mai gona baki. Muna tafiya ina hangensa ta madubi, ya duƙa ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Har muka wuce Ƙaura Kawu bai ce a tsaya ba, bai ma juya wajen tashar ba. Da muka sauke shi a Zurmi ya miƙo mini ƙusar ya ce in tafi da ita, shi ya gama.

Mun shigo Gusau bayan magariba. Rediyo na ta yabon fareti, wai ma'aikatarmu ta burge. Rigata tana nan a ƙusa yadda na bar ta. Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai daɗi ba ne: hutun da nake ɗauka kyautar gwamnati, wasu ne suka saye shi da wuyansu da guminsu, kuma ya tsaya a kanmu masu ofis. Mutumin da ya fara buga ƙarfen awa takwas a Ƙaura, na baro shi a gonar wani, yana jiran rana ta tashe shi.